Hannun Dambe, Hannun Noma: Kula da Ƙananan Raunuka a Fage

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Gumel, an kai gero rumbu, an kakkaɓe riɗi, zoɓo ya tafi kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, sai samari su samu abin da suka rasa tun saukar ruwan farko, wato sarari. A Gagarawa Tasha, garin da ya samo sunansa daga tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930, da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa Sule Tankarkar, sararin nan yakan ƙare ne a fage. Wani ya fita gudun asuba a cikin yashi. Wani ya cika buhun taki da rairayi, ya rataye a reshen darbejiya yana kirɓa. Da la'asar sakaliya kuma a ja da'ira, ƙanana su fara, manya su biyo baya.

Wasannin fagen biyu, dambe da kokawa, duk 'yan gida ne. Dambe, wanda a da aka fi sanin mahauta da shi, yau ya zama na kowa, da jam'iyyunsa uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kuma har gobe yaron da ya fara ɗaure hannu yana jin sunan Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. Kokawa kuwa, mazaunin bakin iyakar Nijar ba sai an ba shi labarinta ba. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, jihohin Nijar ke karɓar baƙuncinta bi da bi, mutanen wannan tsallaken suna bin ta a rediyo, yanzu ma har a waya.

Ranar gasa ɗaya ce. Ranakun horo kuwa ba su ƙirguwa, kuma a cikinsu ake samun raunin da ba wanda zai kirawo mota dominsa: ƙafa ta gurɗe, yatsa ya kumbura, gira ta tsage, hanci ya ɓalle da jini. Babban rauni yana da gata, domin kowa ya gan shi, nan take a ruga asibitin Gumel. Ƙarami shi ne maraya. Mai shi yakan ce, "Ba komai, jini ne ya kwanta," abokai su ce, "Kai, namiji ne kai, tashi!" Gobe ya koma fage da shi. Nan asarar take, domin hannun da ke naushi a Disamba shi ne zai riƙe fartanya a Yuni, kuma yawancin samarin nan noma ne ke ciyar da su, ba dambe ba.

Tsami daban, ciwo daban

Wanda ya koma horo bayan dogon hutu zai wayi gari jikinsa ya yi tsami, musamman cinyoyi da kafaɗu. Tsamin yakan fi tsanani a rana ta biyu ko ta uku, yana kama ɓangarorin jiki biyu daidai, kuma yana sassautawa idan mutum ya motsa. Wannan ba rauni ba ne. Tafiya da barci da abinci ke warkar da shi. Rauni kuwa wuri ɗaya yake zama, ana iya nuna shi da yatsa, mai shi yana iya faɗin lokacin da ya same shi, kuma motsi ƙara shi yake yi.

Targaɗe

A ɗauki misalin saurayin da ke kokawa, abokin karawarsa ya sa masa ƙafa, tafin sawunsa ya juya ciki a cikin yashi. Ya ji wani abu ya yi ƙas. Kafin a gama turmi na gaba idon sawun ya fara tasowa. Abin da aka saba yi sananne ne. Wani ya riƙe shi ta baya, wani ya kama ƙafar ya ja har sai ta yi ƙara, a murje ta da man zafi, da dare kuma uwa ta dafa ruwa ta gasa masa da tsumma. Duk cikin ƙauna aka yi, amma da safe ƙafar ta ninka jiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasusuwan da suka haɗu a gaɓa akwai jijiyoyi masu tauri da suka ɗaure su, kamar yadda igiya ke riƙe itatuwan rumfa. Idan ƙafa ta gurɗe, jijiyoyin nan suna miƙewa fiye da ƙima ko su ɗan yage, ƙananan hanyoyin jini su fashe, jini da ruwa su tsiyaya cikin nama. Kumburin ke nan. Ja yana ƙara yagar, murza tana ƙara zubar jinin, zafi kuma buɗe hanyoyin jini yake yi. Shi ya sa a kwana biyu zuwa uku na farko ba a son gashi, ba a son man zafi, ba a son tausa. Suna da ranarsu, amma sai kumburi ya fara saɓewa.

Abin da ake so a farkon shi ne hutu, da sanyi, da ɗauri, da ɗagawa. Wani likitan wasanni ɗan Amurka, Gabe Mirkin, shi ya haɗa waɗannan huɗu wuri guda a 1978, duniya ta karɓa. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce yawan ƙanƙara da kwanciya babu motsi suna iya jinkirta warkewa. Don haka yanzu ana ɗaukar sanyi a matsayin mai kashe zogi kawai, a yi shi daidai wa daida: minti 15 zuwa 20, sannan a huta awa biyu ko uku. Ba a ɗora ƙanƙara a kan fata kai tsaye, sai an naɗe ta a tsumma. Ledar fiya wata da ta daskare a shagon mai firiza ta wadatar. Inda babu wuta kuma, tsumman da aka tsoma a ruwan randa ana sauya shi a kai a kai ya fi babu.

Bandeji ana fara naɗa shi daga wajen yatsu a hauro sama, kuma ya zama yatsa ɗaya zai iya shiga ƙarƙashinsa. A kwance shi idan za a yi barci. Ɗagawa kuwa ba zama a kujera a miƙe ƙafa ba ce. Mutum ya kwanta a tabarma, ya ɗora ƙafar a kan buhu ko matasai biyu har ta fi ƙirjinsa tsayi.

Yaushe targaɗe ya wuce na gida? Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wani gwaji mai sauƙi a 1992, wanda har yau ake aiki da shi a ɗakunan gaggawa. Idan mutum ya kasa yin taku huɗu, ko da ɗingishi ne, ko kuwa aka danna ƙashin idon sawun ta gefen baya ko ta tsininsa ya ji zafi a ƙashin kansa, to a je a ɗauki hoto. Haka idan gaɓar ta karkace daga yadda Allah ya yi ta.

Daga rana ta uku sai a fara motsa gaɓar a hankali. Ga wanda ya iya karatu akwai dabarar da ta dace da shi: ya zauna, ya ɗaga ƙafar, ya riƙa rubuta baƙaƙe a iska da babban yatsa, a, b, ɓ, c, d, ɗ, har ƙarshe, sau biyu ko uku a yini. Idan taku ya daidaita, sai ya koyi tsayuwa a kan ƙafar ita kaɗai na rabin minti, daga baya har da rufe ido. Wannan mataki shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ya sa ake samun ɗan kokawar da ƙafa ɗaya ke gurɗe masa duk shekara. Ƙaramin targaɗe yakan bar mutum ya yi tafiya cikin mako ɗaya ko biyu, amma komawa fage yana iya cin mako shida ko fiye.

Hannun da ake ɗaure wa zare

A bayan kowane yatsa akwai wani siririn ƙashi da ya ratsa bayan hannu. Naushin da ya sauka a karkace, a goshin abokin karawa ko a buhun da rairayinsa ya daskare kamar dutse, yakan karya wanda ke bayan ƙaramin yatsa. Karayar ta yi yawa a tsakanin masu naushi har likitoci suna kiranta karayar ɗan dambe. Tana ruɗi, don mai ita yana iya motsa yatsunsa, sai ya ce ai da karaya ce da ba su motsa ba. Ya dunƙule hannun ya duba. Idan tudun gaɓar ya nutse, ko ƙaramin yatsan ya hau kan na kusa da shi, wannan na asibiti ne. Kafin komai kuma a cire zobe tun kumburi bai kama shi ba.

Ɗan kokawa nasa a wuyan hannu yake. Idan ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi, sannan ya ji zafi a ɗan kwarmin nan da ke gindin babban yatsa, kada ya raina shi. Akwai ƙaramin ƙashi a wurin da jini ba ya isarsa sosai. Karayarsa takan ɓuya a hoton farko, sai an sake wani bayan kwana 10 zuwa 14, kuma idan aka bar shi yana iya ƙin haɗewa, mutum ya rayu da hannun da ba ya iya ɗaga buhu.

Zare kansa yana da nasa sharaɗi. Ana ɗaure shi don karawa, a kwance da an gama. Yatsu su yi sanyi, ko su mutu, ko farce ya sauya launi, duk alama ce jini ba ya wucewa.

Wannan alama ita ce kuma ma'aunin ɗori. Maɗora suna da daraja a ƙasar Hausa, da yawansu sun gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma sau da yawa su ne mafi kusa da mai rauni. Amma ɗaurin karare da ya yi tsauri a kan gaɓar da ke kan kumbura yana iya toshe jini har nama ya mutu, kuma likitocin ƙashi, irin na asibitin Dala a Kano, sun daɗe suna kokawa da hannaye da ƙafafun da ake kawo musu bayan lokaci ya ƙure, sai yankewa. Zogin da ke ƙaruwa a ƙarƙashin ɗori ba alamar magani na aiki ba ne. A sassauta nan take, a kama hanyar asibiti, ko da tsakar dare ne.

Jini

Ƙujewa da yanka ruwa mai tsabta suke so, mai yawa, a kwarara har yashin ya fita, a wanke kewayen da sabulu. Idan jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Toka da ƙasa da baƙin mai da garin batir ba su da gurbi a kan rauni. Tsagewar gira da ta buɗe baki ɗinki take so, a ranar, kada a kwana.

Ƙasar da dabbobi ke bi, kamar yawancin filayen ƙauye da na bayan kasuwa, a nan ƙwayar cutar sarƙe-haƙora take zaune, wadda ma'aikatan lafiya ke kira tetanus. Tana shiga ta raunin da bai kai a kula shi ba, har sukar ƙaya, ta bayyana bayan kwana 3 zuwa 21, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa, jiki ya sandare. Mata suna samun allurarta a wajen awon ciki; maza da yawa rabonsu da ita tun suna goye, in ma an yi musu. Wanda ya shekara 10 bai yi ba, ko bai tuna ba, ya je a yi masa, idan kuma raunin mai zurfi ne da datti, shekara 5 ma ta isa a sake.

Akwai maganar da ba a cika yi a fili ba, ta tsagar da wasu 'yan dambe ke yi a hannu a shafa magani. Reza ɗaya ga mutum biyu hanya ce ta ƙanjamau da ciwon hanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe. Tsumman goge jini ma kowa da nasa.

Haɓo ya fi yawa a hunturu, lokacin da iska ta busar da cikin hanci, kuma lokacin ne fage ya fi cika. "Ɗaga kai sama!" shi ne abin da 'yan kallo ke cewa, kuma kuskure ne, don jinin maƙogwaro yake gangarawa, ya tayar da zuciya. Mutum ya zauna, ya ɗan sunkuya gaba, ya matse wuri mai taushi na hancin minti 10 zuwa 15 yana numfashi ta baki. Idan an kai rabin awa bai tsaya ba, ko hancin ya karkace, sai asibiti. Haƙorin babba da ya fita gaba ɗaya a kama shi ta kai, ba ta saiwa ba, a mayar da shi gurbinsa ko a jefa shi cikin madara, a kai ga likitan haƙori cikin awa ɗaya. Kunnen ɗan kokawa da ya kumbura ya yi luɓus, jini ne ya taru tsakanin fata da guringuntsi. Idan ba a zuƙe shi a asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu ba, kunnen yakan dunƙule har abada.

Kai

A dambe, kisa shi ne a kai mutum ƙasa. Kalangu ya ɗauka, fage ya ruɗe, wanda aka kashe ya miƙe yana kaɗe jiki, abokansa su watsa masa ruwa. Wani lokaci ba abin da ya same shi sai kunya. Wani lokaci kuwa ƙwaƙwalwarsa ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma ba sai ya suma ba. Yakan ji jiri ko ciwon kai, haske ya dame shi, ya yi ta maimaita tambaya ɗaya, ko a tambaye shi da wa ya kara ya yi shiru yana lalube. Wannan shi ne raunin da ya fi kowanne kama da ƙarami, kuma shi ne bai kamata a taɓa sa shi a sahun ƙanana ba.

Wanda ya nuna ko ɗaya daga alamomin nan ya gama wasa a ranar, ko da ya rantse ya warke. Kada ya hau babur. Masana da suka taru a Amsterdam a 2022 sun ba da shawarar hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a fara da tafiya, a riƙa ƙarawa mataki-mataki, karawa ta zo a ƙarshe bayan alamomi sun ɓace sarai. A damben zamani na 'yan koyo, wanda aka buge ya kasa tashi ana dakatar da shi aƙalla kwana 30. Fagen ƙauye ba shi da likita, saboda haka wannan hukunci a wuyan maigidan yaro yake, shi da sarkin dambe. Tun 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan dambe ke komawa tangaɗi da rawar hannu da mantuwa saboda dukan da ya taru a kai shekara da shekaru.

A daren farko wani ya kwana kusa da shi. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tashinsa da ƙyar, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, ruwa ko jini daga kunne, kowanne daga cikinsu na nufin a nemi mota yanzu. Ɗan kokawar da aka kayar a ka kuma yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin gaɓoɓinsa, ba a cicciɓarsa. A riƙe kansa yadda yake, a nemo ƙyaure ko katako a ɗauke shi a miƙe.

Ƙwaya da rana

Farasitamol ya isa ga yawancin ƙananan raunuka: ga babba, ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada a wuce takwas a yini da darensa. Ibuprofen da diclofenac suna rage zogi, amma suna cin ciki, suna wahalar da ƙoda idan jiki ba ruwa, kuma ba a shan su bayan bugun kai. Haɗin da mai talla ke ƙullawa a leda, ja da fari da rawaya, mai sha bai san abin da ya haɗiya ba. Taramol kuwa ta fi su sharri a fage. Tana ɓoye zafi, yaro ya ci gaba da naushi da karyayyen hannu, tana jawo farfaɗiya, sannan ta kama mutum ya kasa rabuwa da ita.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a arewacin Jigawa yakan haura digiri 40. Horo ya koma asuba ko bayan la'asar, da azumi kuma bayan shan ruwa. Fitsarin da ya yi ja yana cewa a sha ruwa. Wanda ya galabaita a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, domin iyaye mata da matan aure su ne ke jinyar raunukan nan idan fage ya tashi. Kowa ya gwada naɗa bandeji a idon sawun abokinsa da rawani ko ɗankwali, malami ya zagaya yana sa yatsa a ƙarƙashin ɗaurin. Sannan kowa ya nuna yadda ake zama da riƙon hanci idan haɓo ya zo. Kafin zama na gaba, mutum biyu su je asibitin da ya fi kusa su tambayo ranar da ake allurar sarƙe-haƙora, da inda ake ɗaukar hoton ƙashi mafi kusa, da kuɗin mota zuwa can. Abin da suka samo a rubuta shi a allo, kowa ya kwafa a littafinsa da hannunsa, mai ɗa ko ƙane a fage ya kwafi biyu ya kai wa maigidan yaron ɗaya.